Likita Mila na Zariya, 1872–1952

Kafin a shiga wannan labari, sai mai bi da karatu ya sa a karanta Luka 10:25-37, da kuma Galatiyawa 6:1-5. Jama'a su riƙe abin da suka ji a zuciya, gama za mu komo kansa a ƙarshe.

Yawancinmu da mu ke zaune a Abuja baƙi ne. Wani ya fito daga Zangon Kataf, wani daga Biliri, wani daga Zuru, wani kuwa daga Michika ko Fankshin. Aikin gwamnati ya kawo wani, neman abinci ya kawo wani, gudun tashin hankali ya kawo wani. Tun da aka maido mazaunin gwamnati daga Ikko ran 12 ga Disamba 1991, gari ya yi ta cika yana batsewa, har mutum ya kan shekara bai san sunan wanda ke bayan katangarsa ba. Amma ran Lahadi, a Karu da Nyanya da Kubwa da Kuje da Gwagwalada, mutane masu harsuna dabam dabam su kan taru, su buɗe Littafi ɗaya cikin Hausa. Mutumin da za mu ba da labarinsa yana cikin waɗanda suka fi shan wahalar juya wannan Littafi zuwa Hausa. A Zariya ya yi yawancin aikinsa, Zariya kuwa ba bare ba ce ga Abuja, gama sunan nan Abuja na Abu Ja ne, ɗan gidan sarautar Haɓe na Zazzau, wanda ya kafa garin da a ke kira Suleja yanzu a shekarar 1828.

Ba domin fassara kaɗai mu ke duban rayuwarsa ba. Muna dubanta domin ta nuna yadda a ke kula da mutum, ta kuma nuna wuraren da mai kula ya kan yi tuntuɓe ko da zuciyarsa fara ce.

Haihuwarsa da kiransa

An haifi Walter Miller a shekarar 1872 a Honiton, wani ƙaramin gari a ƙasar Devon ta Ingila. Hausawa ba su wahalar da bakinsu da sunansa ba, sai suka kira shi Likita Mila. Ya koyi aikin likita a asibitin St Bartholomew na London, ɗaya daga cikin tsofaffin asibitocin ƙasar. Saurayi mai irin wannan takarda a zamanin nan ba shi da abin tsoro game da abinci ko sutura. Da ya so, da ya buɗe ɗakin ganin masu ciwo a garinsu, ya yi aure, ya tsufa cikin rufin asiri.

A lokacin nan labarin ƙasar Hausa ya fara yawo cikin ekklesiyoyin Ingila, amma labari ne mai ban tsoro. John Robinson ya mutu a Lokoja a 1891, abokin aikinsa Graham Wilmot Brooke ya bi shi a 1892. A 1894 samari biyu na farko na mishan ɗin da a ke kira S.I.M. suka mutu, Walter Gowans a Girku, Thomas Kent a Bida. Mila ya san duk wannan. Duk da haka ya miƙa kansa ga ƙungiyar C.M.S., ta ekklesiyar Angalikan, domin a aike shi ƙasar Hausa.

A Tarabulus

Ba a aike shi kai tsaye ba. Da fari aka tura shi Tarabulus, a bakin Bahar Rum, inda ayarin Sahara ke sauka. Akwai Hausawa da yawa a can, waɗansu fatake, waɗansu maniyyata masu yada zango, waɗansu kuwa bayi ne da aka ƙetaro da su hamada. Wurin waɗannan mutane ya zauna watanni da dama yana koyon Hausa da kunne da baki.

Ku lura da wannan, 'yan'uwa. Likita ne cikakke, amma aikinsa na fari shi ne ya zama almajiri, ya zauna a gaban mutanen da ba su da takardar kowace makaranta irin tasa, su gyara masa magana, su yi masa dariya idan ya karkace. Mai ciwo ba ya iya gaya maka inda ke masa zafi sai da harshen da ya ke kuka da shi. Wanda bai yarda ya ji wannan harshe ba, ko da ya zo da buhun magani, zai yi ta ba da amsar tambayar da ba a yi masa ba.

A Tarabulus kuma ya gamu da wani yaro Bahaushe, Abdul Majid, wanda ya taso tare da ubansa za su aikin hajji, uban ya rasu a hanya. Mila ya ja yaron a jika. Bayan yaron ya sauke farali, hanyarsu ta sake haɗuwa, har Mila ya tafi da shi Ingila, ya kuma komo da shi ƙasar Hausa. Shi ne na fari cikin yara masu yawa da suka zama kamar 'ya'yansa, ya kuwa taimake shi ƙwarai wajen sanin zurfin Hausa.

Tafiya Kano

A farkon shekarar 1900 su biyar suka tashi daga Ikko, Bishof Herbert Tugwell ne jagora, sai Mila, da Richardson, da Dudley Ryder, da Burgin. Babu jirgin ƙasa zuwa Arewa tukuna, sai ƙafa da doki da 'yan alaro. Suka bi ta Jebba, suka iso Zariya, suka zarce Kano. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, ya ba su 'yan kwanaki su fita daga birninsa. Kada mu yi gaggawar ganin laifinsa. A ranar farko ta wannan shekara ce Lugard ya ɗaga tutar Ingila a Lokoja, sarakuna kuwa sun ga alamar abin da ke tafe, ba su da hanyar rarrabe Bature mai Littafi da Bature mai bindiga.

Suka juyo kudu, suka sauka a Girku, garin da Gowans ya mutu shekara shida da suka wuce. A nan atini ya kama Ryder, likita yana tsaye a kansa, amma bai iya tsare ransa ba. Sauran ma ciwo ya ci ƙarfinsu, ƙungiyar ta watse, Mila kansa ya koma Ingila da raunin jiki. Idan aka auna da ma'aunin 'yan kasuwa, tafiyar nan hasara ce tsantsa. Amma da ya sami sauƙi sai ya komo. Yawancin masu taimako su kan zo sau ɗaya, su ga wuya, su tafi da labari. Komowa ta biyu ita ce ta kan nuna ko abin da ke zuciyar mutum ƙauna ce ko kuwa sha'awar baƙon abu.

Cikin birnin Zariya

A 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, Mila ya sami izinin zama cikin ganuwar Zariya, a Durumin Maigarke. Wannan abu ne da ba a cika yarda da shi ba, gama gwamnatin Turawa ta yi wa sarakunan Musulmi alkawari ba za ta taɓa addininsu ba, saboda haka ta kan hana 'yan mishan zama a biranensu. Sauran Turawa suna can waje a barikinsu, nesa da ƙurar gari. Shi kuwa ya zauna a gidan ƙasa, cikin unguwa, yana jin kiran salla da kukan jarirai da sautin turmi kamar kowane maƙwabci. Ya yi shekara ashirin da huɗu a haka.

Ya buɗe ɗakin magani. Cututtukan zamanin su ne zazzaɓi, da atini, da gyambo, da kurkunu, da ciwon ido, da agana, magungunan da ke hannun likita kuwa kaɗan ne, gama ba a san allurar fenisilin ba sai bayan shekaru masu yawa. Sau da dama abin da ya ke da shi bai wuce ruwa mai tsabta da ƙyalle da haƙuri ba. Masu zuwa wurinsa Musulmi ne kusan dukansu, kaɗan ne ƙwarai cikinsu suka karɓi bangaskiyarsa, amma bai rufe ƙofa ba saboda wannan.

Ya kuma buɗe makaranta a gidansa. Bai taɓa yin aure ba, yaran makarantar su ne iyalinsa. Waɗansu marayu ne, waɗansu 'yantattun bayi ne da ba su san hanyar garinsu ba, waɗansu iyayensu ne suka kawo su. Ya ciyar da su, ya tufasar da su, ya koya musu karatu da rubutu da lissafi da Turanci, har waɗansu suka ɗauki sunansa ya zama sunan zuriyarsu. Hausawa sun san riƙo tun kaka da kakanni, sun ce ɗa na kowa ne. Sun kuma san riƙo iri biyu ne. Akwai mai ɗaukar yaro domin ya sami ɗan aike, akwai mai ɗaukarsa domin yaron ya zama mutum. Abin da yaran gidan Mila suka zama daga baya shi ne shaidar irin riƙon da ya yi.

Baƙin cikin Gimi

A 1913 waɗansu mutane suka zo wurinsa daga ƙauye, daga cikin jama'ar da a ke kira Isawa. Asalinsu almajiran wani Malam Ibrahim ne na Kano, wanda cikin karatunsa na Alƙur'ani ya ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda malaman gari suka yarda, aka kashe shi a Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Almajiransa suka warwatsu, waɗansu suka nufi Ningi, waɗansu ƙasar Zazzau, suna riƙe da abin da ya koya musu, suna jiran wanda zai ƙara musu bayani a kan Isa. Da suka ji karatun Linjila a bakin Mila cikin Hausa, da dama daga cikinsu suka ba da gaskiya.

Aka ga ya kamata a tara su wuri ɗaya, su yi noma, su yi sujada, 'ya'yansu su yi karatu ba mai tsangwamarsu. Aka sami fili a Gimi, cikin ƙasar Zazzau, aka kafa ƙauye, aka sa Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran West Indies, ya zauna tare da su. Da fari abin ya yi kyau ƙwarai. Amma akwai tsando a kurmin rafin wurin, shi ne ƙudan da ke ɗauke da ciwon barci. Ciwon ya kan fara da zazzaɓi da kumburin kaluluwa a wuya, sa'an nan ya hau ƙwaƙwalwa, mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana, ya rame, ya mutu. Tun 1903 masana suka gane tsando ne ke yaɗa shi, amma magani mai kirki bai samu ba sai wajen 1920 da bayanta. Cikin 'yan shekaru ciwon ya cinye mutanen Gimi da yawa, aka tashi ƙauyen, aka kwaso waɗanda suka ragu, yaran kuwa suka shiga makarantar Zariya.

Babu wanda ya nufi mutanen nan da mugunta. Ƙauna ce ta tara su, amma wurin da aka tara su shi ya kashe su. Daga ƙarshen shekarun 1930 gwamnati ta yi babban aiki a ƙasar Anchau, ta sare kurmin bakin rafuka inda tsando ke ɓuya, ta haƙa rijiyoyi, ta gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya, ciwon kuwa ya ja da baya. Wannan sani bai iso a kan kari domin mutanen Gimi ba. Darasin yana da ɗaci, amma wajibi ne mu haɗiye shi. Kyakkyawar niyya ba ta isa ba. Wanda ya ce wa mutum taso ka biyo ni, ya ɗauki alhakin sanin inda zai kai shi. Abin da za a yaba wa Mila da abokan aikinsa shi ne, da abin ya lalace ba su yar da waɗanda suka ragu ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Inda ya yi tuntuɓe

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye laifin Dawuda ko na Bitrus ba, mu ma ba za mu ɓoye na Mila ba. Mutum ne mai kafiya da kaifin harshe. Ya yi ta saɓani da Razdan da sauran ma'aikatan gwamnati, ya yi da abokan aikinsa na mishan. Ya yi murna da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, domin yana ganin ta haka ne za a hana farautar bayi a kuma buɗe ƙofa ga bishara, bai kuwa auna yadda wannan zai sa mutane su riƙa ganin bishara kamar 'yar rakiyar bindiga ba. Ya rubuta maganganu masu zafi a kan sarakuna da addinin mutanen da ya ke zaune a tsakiyarsu. Tsakaninsa da Sarki Aliyu Ɗan Sidi abin ya yi tsami, yana cikin masu kai ƙarar sarkin wurin Turawa, har aka tuɓe shi a 1920 aka kai shi Lokoja.

Gaskiya ne tausayin talaka da bawa ne ya kan tunzura shi, mai kula da mutum kuwa ba shi da ikon yin shiru idan ana zaluntar wanda ya ke kula da shi. Amma akwai wata cuta da ta kan kama masu alheri, wato su ɗauka su kaɗai suka san abin da ya dace da kowa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Mutumin da ya koyi harshen mutane domin ya ji su, wani lokaci sai ya zama muryarsa ce ta fi tasu tashi.

Babbar jarrabawarsa ta zo a 1929. Sarauta da gwamnati sun daɗe suna son mishan ya fita daga cikin birni, makaranta da ɗakin magani kuma sun yi wa gidan yawa. Aka ba da fili a Wusasa, bayan ganuwa, a gindin dutse. Abin bai yi wa Mila daɗi ba, gama zama cikin mutane shi ne tushen dukan aikinsa. Amma aka tashi. Aka gina majami'ar St Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa, aka kafa makaranta da asibitin St Luke. Ragamar aikin ta koma hannun waɗanda ba su kai shi shekaru ba, irin su Guy Bullen. Shi kuwa ya bar abin da ya shuka da hannunsa, ya koma Kano domin ya ƙarasa fassara. Ga mutum mai irin halinsa, sakin nan ya fi tafiyar 1900 wuya.

Littafi cikin Hausa

Ba shi ne ya fara juya Maganar Allah zuwa Hausa ba. Tun tsakiyar ƙarni na 19 wani Bajamushe, J. F. Schön, ya fassara waɗansu littattafai da taimakon Dorugu, yaron Hausa da aka 'yanta daga bauta. Amma cikakken Littafi bai samu ba. Mila ya ɗauki wannan kaya shekaru da yawa, tare da malaman Hausa da ke zaune da shi, da 'yan mishan na waɗansu ƙungiyoyi, irin su Likita Andrew Stirrett na S.I.M. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa cikin Hausa, daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna. An yi sababbin fassarori daga baya, amma wannan ita ce uwa.

Fassara ma kula da mutum ce. Muddin Littafi yana cikin Turanci kaɗai, dole mai bi ya rataya ga bakin Bature. Ran da ya shiga Hausa, manomi a ƙasar Gbagyi ko Tangale ko Kaje ya iya buɗewa da kansa, ya auna abin da mai wa'azi ya faɗa, har ya gyara masa. Da haka mai fassara ya rage bukatar da mutane ke da ita gare shi. Abin mamaki kuwa, waɗanda suka fi cin moriyar aikin ba Hausawan birni ba ne da ya ƙwallafa rai a kansu, kabilu ne na kudancin Zariya da Filato da Bauci da Adamawa da Neja, waɗanda Hausa ta zama musu harshen kasuwa da na sujada. Jikokinsu ne mu da mu ke cika majami'un Abuja.

Tsufansa da 'ya'yan aikinsa

Ya ajiye aikin C.M.S. a 1935, ya tafi Ingila, amma ƙasar haihuwarsa ta zama masa baƙuwa. A 1939 ya komo Nijeriya. Cikin tsufansa ya rubuta littattafai, ɗaya daga cikinsu, na 1947, sunansa kansa tambaya ce, ko Turawa sun kāsa a Nijeriya. Mutumin da ya yi maraba da mulkinsu yana saurayi, ya zama mai tuhumarsu a kan yadda suka bar talakan Arewa ba ilimi ba lafiya. Ya rasu a Bukuru, kusa da Jos, a 1952, yana da shekara tamanin.

Daga makarantar da ya fara a gidan ƙasa aka sami Likita R. A. B. Dikko, ɗan Arewa na fari da ya zama likita irin na zamani, wanda ya yi karatu a Birmingham, ya zama shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya rasu a 1977. Babban asibitin Barau Dikko na Kaduna sunansa ya ke ɗauke da shi. Aka sami John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Daga zuriyar Isawan nan kuma aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, ya yi karatu a Wusasa, ya zama likitan yara, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya rasu a 2005. Ku duba ikon Allah. Jama'ar da ciwo ya kusa shafewa, daga cikinta aka ta da mai warkar da 'ya'yan waɗansu. Waɗannan mutane sun kai inda Mila bai kai ba, sun yi abin da bai tsara musu ba, wannan kuwa shi ne cikar riƙo.

Abin da za mu ɗauka

Masu ilimi na zamaninmu sun yi ta nazarin wannan al'amari. Wata malama a Amurka, Joan Tronto, ta bayyana a 1993 cewa kula da mutum tana da matakai huɗu: a lura da bukatarsa, a ɗauki nauyinta, a iya aikin sosai, sa'an nan a saurari wanda a ke yi wa domin a ji ko abin ya amfane shi. Wanda ya karanta Luka 10 ba zai ga baƙon abu a nan ba. Firist da Balawi sun ga mutumin da 'yan fashi suka yasar, amma ganinsu bai kai ga lura ba. Basamariyen ya matso kusa, ya ɗauki nauyi. Bai tsaya ga tausayi ba, ya san abin da a ke zuba wa rauni, ya san yadda a ke ɗaure shi. Sa'an nan ya yi abin da mu kan manta. Ya kai shi masauki, ya biya dinari biyu, ya danƙa shi ga mai masaukin, ya yi alkawarin komowa, ya kama hanyarsa. Bai mai da mutumin baransa ba, bai tsaya jiran godiya ba.

Haka kuma Bulus, cikin Galatiyawa 6, ya umarce mu mu ɗauki nauyin juna, bayan aya biyu kuma ya ce kowa zai ɗauki kayan kansa. Ba saɓani a ciki. Mu kan tallafi ɗan'uwa a ƙarƙashin kayan da ya fi ƙarfinsa domin ya miƙe ya ɗauki wanda ya ke daidai da shi. Mila ya yi ƙarfi wajen lura da ɗaukar nauyi da daɗewa. A Gimi sani ya gaza. Wajen saurare da saki kuwa, sai da ya yi kokawa da halinsa har tsufa.

Ba sai mun ƙetare hamada ba kafin mu sami namu Tarabulus. Tun daga 2014 mutanen Gwoza da kewayenta suka gudo daga rikicin Boko Haram, suka kafa bukkoki a Durumi da Kuchingoro, a cikin birnin nan. Akwai yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana aiki a gidan ɗayanmu, an yi wa iyayenta alkawarin makaranta. Akwai maigadi a ƙofa, akwai gwauruwa a kujerar baya, akwai maƙwabci Musulmi da ke jinyar tsohuwarsa shi kaɗai. Zumunta a ƙafa ta ke. Buhun shinkafa na ran Kirsimati abu ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin zama, da tambaya, da komowa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa aka fara tura Mila koyon harshe kafin ya fara ba da magani? Wane ne a unguwarku ku ke taimako amma ba ku taɓa zama kun ji bakinsa ba?

2. Mutanen Gimi sun mutu a wurin da masu ƙaunarsu suka zaɓa musu. Wane bincike ya kamata ƙungiyarku ta yi kafin ta fara aikin taimako, wa kuma za ta tambaya?

3. Idan akwai ɗan riƙo ko 'yar aiki a gidanka, me ka ke so ya zama bayan shekara goma? Me ka yi a wannan wata da zai kai shi can?

4. Yaushe ya wajaba mai kula ya ɗaga murya saboda wanda a ke zalunta, yaushe kuma ya wajaba ya yi shiru ya saurara?

5. Akwai wani aiki ko wani mutum da lokaci ya yi da za ka danƙa shi ga mai masauki, amma hannunka ya ƙi saki?

A rufe da addu'a saboda masu jinya, da marayu, da waɗanda ke riƙonsu. Kowa kuma ya ambaci sunan mutum ɗaya a zuciyarsa wanda zai je ya gani kafin taro na gaba.